Me Ya Sa Kantar Haɗa-da-kanka Take Lotsawa Bayan An Canza Gida? Darasi Daga Flatbush

Kun saba mu buɗe kwalin waya ko na laftof mu duba abin da ke ciki. To yau darasinmu a kan abin da yake ɗauke da waɗannan kayan ne, wato kanta. Ina nufin irin kantar nan da ake sayarwa a shimfiɗe cikin kwali, ka kawo gida ka haɗa da kanka da 'yar sukudireba da takardar zane. Ƙorafin da na fi ji game da ita guda ɗaya ne: "Na yi shekara biyu da ita lafiya lau, ina canza gida sai allon ya lotsa, ita kuma ta karkace. Me ya faru?"

Kada wani ya ce ai wannan maganar kafintoci ce. Mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi PlayStation, ya sayi kyamara, ya sayi faifan ajiyar da duk aikinsa yake ciki, sannan ya jera su a kan allon da bai san kilo nawa zai iya ɗauka ba. Ka san RAM ɗin wayarka, ka san ƙarfin batirinta, amma abin da ya tsaya tsakanin kayanka da daɓe ba ka san komai a kansa ba. Abin da nake so ku fita da shi daga wannan darasi shi ne: lotsawar kanta lissafi ce. Abu uku ne ke juya ta, tsawon allo, nauyin da ke kansa, da danshin iskar ɗaki. Canza gida yana taɓa dukkansu a lokaci guda, sannan ya ƙara da sassauta mahaɗai.

Da me aka yi allon?

Dabarar aika kayan ɗaki a wargaje tsohuwa ce. Tun 1859 kamfanin Thonet na ƙasar Ostiriya yake aika kujerarsa mai lamba 14 a haka, guda 36 a cikin akwati mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya. A 1956 kuma wani ma'aikacin IKEA a Suwidin, Gillis Lundgren, ya cire wa tebur ƙafafu don ya shiga mota, daga nan kamfanin ya rungumi tsarin. Amfaninsa a fili yake: kwali ba ya cin wuri, kuɗin dako ya ragu, aikin haɗawa ya dawo kanka, farashi ya sauka.

Amma don farashin ya sauka sosai, yawancin waɗannan kaya ba da tsantsar katako ake yin su ba. Ga abin da za ku tarar:

Na farko, allon ɓarɓashi. Ana niƙa katako ya zama ɓarɓashi, a gauraya da gam, a matse da zafi, a lulluɓe da leda mai kama da katako. A Jamus aka fara yin sa a masana'anta lokacin yaƙin duniya na biyu. Shi ya fi araha, shi ya fi yawa.

Na biyu, MDF. Shi kuma an niƙa katakon har ya zama zare-zare kamar auduga kafin a matse. Ya fi santsi, ya fi nauyi. A garin Deposit da ke nan jihar New York aka fara yin sa na kasuwa a shekarun 1960.

Na uku, allo mai rami. Za ka gan shi da kauri kamar ya fi kowa ƙarfi, amma cikinsa takarda ce aka saƙa kamar saƙar zuma, aka rufe sama da ƙasa da siririn allo. Ƙwanƙwasa tsakiyarsa za ka ji yana amo kamar ganga. Ba shi da nauyi, amma sukuru ba ya samun abin kamawa a tsakiyarsa.

Na huɗu, filawud, wanda aka jera siraran fallayen katako aka manne, kowane falle ya gitta na ƙasansa. Shi ne ya fi ukun can juriya, shi ya sa ya fi su tsada.

Bambancin shi ne, a itace na gaske zaren yana tafiya daga wannan kai zuwa wancan, kamar igiyoyi da aka ɗaure wuri guda. A allon ɓarɓashi an riga an gutsuttsura igiyoyin, gam ne kawai yake riƙe da su.

Cuta huɗu ce, kada a haɗa su

Idan mutum ya ce "kantata ta lalace", sai na tambaye shi wacce daga cikin huɗun nan:

1. Lotsawa: tsakiyar allon ta yi ƙasa kamar bayan jakin da aka yi wa lodi. Wannan aikin nauyi ne da lokaci.
2. Kantarewa: allon ya lanƙwashe ko ya murɗe ko da babu komai a kansa. Wannan danshi ne ya shiga fuska ɗaya fiye da ɗaya.
3. Kumburi: bakin allon ya yi kauri, ledar ta ɗago, ɓarɓashi yana zuba. Ruwa ne ya taɓa shi.
4. Karkacewa: allunan lafiyarsu ƙalau, amma duk kantar ta jingina gefe guda. Matsalar mahaɗai ce, ko allon baya, ko daɓe.

Kowacce da maganinta. Wanda ya sayi sabon allo alhali ciwon karkacewa ne, ya yi asarar kuɗinsa.

Lissafin lotsawa

Kada ku tsorata, ba jarrabawar fiziks ba ce. Ƙa'ida biyu kawai za ku riƙe.

Ta farko, tsawo. Idan ka ninka tsawon allo sau biyu, nauyin bai canza ba, lotsawar za ta ninka sau 8. Idan kuma ka cika shi da kaya daga kai zuwa kai, yadda nauyin ma ya ninka, to sau 16 ke nan. Ko daga santimita 80 zuwa 100 ka matsa, in dai cike yake da kaya, lotsawar ta kusa ninka sau biyu da rabi.

Ta biyu, kauri. Idan ka ninka kaurin allo sau biyu, lotsawar za ta ragu sau 8. Shi ya sa allo mai kaurin milimita 16 yake lotsawa da kusan kashi 40 cikin ɗari fiye da mai milimita 18, alhali a ido da ƙyar za ka bambanta su.

Mu ɗauki misali. Allon ɓarɓashi mai matsakaicin inganci, tsawonsa santimita 80, faɗinsa 28, kaurinsa milimita 18. Ka shimfiɗa masa kilo 20 daidai wa daida. Lissafi ya nuna tsakiyarsa za ta sauka da kamar milimita 4 nan take. Idan ka tara kilo 20 ɗin nan a tsakiya wuri guda, sai ka ninka da 1.6, ya zama kamar milimita 6. Idan kuma tsawon santimita 40 ne, da wannan kilo 20 ɗin, rabin milimita kawai zai sauka. Kun ga inda sirrin yake.

Kilo 20 kuma ba wani abu ba ne. PlayStation 5 na farko mai cin faifai kilo 4.5 ne. Xbox Series X ma kusan haka. Bandir ɗaya na takardar A4 kilo 2.5. Littattafai in suka cika mita ɗaya suna iya kai kilo 25 zuwa 30. Ƙara UPS a kai, ka wuce iyaka ba ka sani ba.

Ga wani tarko ga mu da ke Amurka: a nan da fam ake rubuta nauyi. Fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, kilo 0.45 ne. In ka ga an rubuta allo yana ɗaukar 30, duba da kyau, fam 30 bai cika kilo 14 ba.

Lanƙwasar sannu-sannu

To in milimita 4 ne kawai, me ya sa muke ganin allon da ya lotsa kamar kwale-kwale? Saboda lotsawar ranar farko somin-taɓi ce. Duk abin da aka yi da itace, in aka bar masa nauyi, yana ci gaba da saki a hankali, wata bayan wata, kuma wani kaso na sakin ba ya komawa ko an sauke kayan.

Injiniyoyin Turai suna da kundin ƙa'idar gini da katako mai suna Eurocode 5, kuma sun ba wannan sakin lamba. A busasshen ɗaki, ƙarin da tsantsar katako zai yi a kan lotsawar farko shi ne 0.6, na filawud 0.8, na allon ɓarɓashi da MDF kuwa 2.25. Ma'ana, milimita 4 ɗin can na allon ɓarɓashi, a ƙarshe yana iya zama 13. A wuri mai danshi lambar tana hawa zuwa 3. Ku lura fa, wannan lissafin na alluna masu ingancin gini ne, ba na arahar kasuwa ba.

Akwai abu na biyu da masu binciken katako suka daɗe da ganowa: allon da ke ɗauke da nauyi ya fi saurin saki idan danshi yana hawa yana sauka, fiye da idan ya tsaya wuri guda. Duk lokacin da ya sha danshi ya sake bushewa, sai ya ƙara zama kaɗan. Wannan ne ya kawo mu maganar unguwarmu.

Iskar ɗaki a Flatbush

Ga waɗanda ba su sani ba, Flatbush unguwa ce a tsakiyar Brooklyn, cikin birnin New York, kudu da Prospect Park. Sunan daga yaren mutanen Holan ya fito, waɗanda suka kafa ƙauye a wurin a ƙarni na 17, ma'anarsa shimfiɗaɗɗen daji. A nan nake zaune, a nan nake ɗaukar bidiyoyin da kuke gani. Da yawa daga cikin benayen haya da ke kan Ocean Avenue da kewayen Church Avenue an gina su ne kafin yaƙin duniya na biyu, kuma da tururi ake ɗumama su. Akwai tukunya a ƙarƙashin gini, tururi ya biyo bututu ya shigo wani ƙarfe mai haƙarƙari a kowane ɗaki, kamar lagireton mota amma babba. Tururi kuwa zafinsa digiri 100 ne.

Dokar birnin ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole mai gida ya ba da ɗumi. Da rana, in waje ya yi ƙasa da kamar digiri 13, ciki kada ya gaza 20. Da dare kada ya gaza kamar 17. Doka ce mai kyau, tana ceton rai. Amma ga abin da ɗumin yake yi wa iska: ɗauki iskar waje mai sanyin digiri sifili da danshi kashi 60, ka ɗumama ta zuwa digiri 22 ba ka ƙara mata ruwa ba, danshinta zai faɗo zuwa kamar kashi 14. Hunturun Kano ke nan a cikin ɗaki. Sai kuma Yuli da Agusta su zo da zafi da gumi, danshi ya haura kashi 60 ko 70 a ɗakin da babu AC.

Itace kuwa kullum yana bin iskar da ke kewaye da shi. A danshi kashi 30, ruwan da ke jikinsa kamar kashi 6 ne na nauyinsa. A kashi 65 ya kai 12. A kashi 80 ya kai 16. Yana sha yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Idan fuska ɗaya tana kallon ƙarfen ɗumi, ɗayar tana kallon bango mai sanyi, ɗaya ta tsuke ɗaya ba ta tsuke ba, dole allon ya kantare.

Masu zama a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa nasu ya fi tsanani. A daren 1 ga Satumba 2021, ragowar guguwar Ida ta zubar da ruwan da ya kai milimita 80 cikin awa ɗaya a ma'aunin Central Park, ruwa ya cika irin waɗannan ɗakuna, har aka rasa rayuka, Allah ya kiyaye gaba. A 29 ga Satumba 2023 ma titunan Brooklyn sun sake cika. Ko ruwa bai shigo maka ba, daɓen irin wannan ɗaki yana fitar da laima. Allon ɓarɓashi kuma in ya sha ruwa ya kumbura, ya tafi ke nan. An matse shi ne da ƙarfi a masana'anta, da gam ɗin ya saki sai ɓarɓashin ya buɗe, bushewa ba ta mayar da shi.

Abin da tashin kansa yake yi

Ga yadda abubuwan suke haɗuwa ranar da aka kwashe kaya.

Mahaɗai suna saki. Yawancin waɗannan kantoci da abu biyu ake haɗa su: 'yan turakun katako, da wani zagayayyen ƙarfe da ake murɗawa ya kamo kan sukuru. An yi su ne don su riƙe kanta a tsaye wuri guda. In aka ɗaga ta, aka juya ta a kwanar matattakala, aka girgiza ta a mota, ramukan suna faɗaɗa. Sukurun da aka kwance aka sake ɗaurawa kuma ba ya kamawa kamar farko, don ɓarɓashin da ya riƙe shi ya riga ya marmashe.

Allon baya yana ɓallewa. Siririn allon nan da mutane suke rainawa shi ne yake hana kanta karkacewa. Da ƙusoshinsa sun zare, ko an jefar da shi don a samu hanyar wayoyi, kantar ta zama kamar kwalin da aka cire wa gindi.

Alluna suna shan iskar da ba su saba ba. Kwana biyu a bayan mota a watan Agusta, ko wata guda a sito, ko a jingine su a bango a karkace, duk suna barin alama.

Daɓe ya canza. Unguwar shimfiɗaɗɗiya ce, amma daɓen katakon ginin da ya kusa shekara ɗari da wuya ka same shi lebur. Ƙafa ɗaya ta rataye, nauyin ya koma kan uku, jikin kantar ya murɗe.

Jeri ya canza. A tsohon gida UPS yana ƙasa, a sabon gida soket yana sama, sai aka ɗora shi a tsakiyar allo na uku.

Sannan akwai lotsawar da ta daɗe tana taruwa, kaya sun rufe ta. Sai da aka sauke komai ido ya gan ta.

Yadda za ka auna

Zan ba ku misali da tawa. Kantar da kuke gani a bayana a bidiyo ta allon ɓarɓashi ce, ba zan kama sunan kamfanin ba don maganar ta kayan aiki ce, duk wanda ya yi da irin allon haka za ta kasance. An kwaso ta a watan Agusta daga wani gida zuwa wani duk a cikin Flatbush. Zuwa Disamba, bayan an kunna ɗumi, allo na biyu ya fara nuna ciki. Ga gwaji huɗu da na yi, kowa zai iya yin su:

Zare: ka ja zare daga wannan kai zuwa wancan a saman allo, ka auna ratar tsakiya da rula. Nawa milimita 11 ne da kaya. Ido yakan fara ganin lotsawa tun daga milimita 2 zuwa 3 a allo mai wannan tsawo.

Sauke kaya: ka kwashe komai, ka bar shi kwana biyu, ka sake aunawa. Nawa ya dawo 7. Wato 4 na nauyi ne, 7 kuma sun riga sun zauna. Kun ga ya yi kusa da lissafinmu na sama.

Kusurwa: ka auna da tef daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ɗaya gicciyen. In ba su zo daidai ba, kantar ta karkace.

Lebur da danshi: wayarka za ta yi maka na farko. A iPhone yana cikin manhajar Measure, a Android ma akwai manhajoji kyauta. Na biyu kuma 'yar na'urar auna danshi ce, ba ta da tsada, wasu ma suna turo wa waya bayanin ta Bluetooth ka ga yadda yake hawa da sauka a mako. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50. Wannan ya yi wa katako daidai, ya yi wa na'urori daidai.

Gyara

In lotsawa ce kaɗan, kuma allon irin wanda ake ɗagawa ne, kifa shi, cikin ya koma sama. Zai miƙe a hankali, amma sani cewa lokaci ka saya, in ba ka rage nauyi ba zai sake lotsawa ta ɗaya ɓangaren.

Maganin da ya fi shi ne rage tsawo. Sa ɗan allo a tsaye a tsakiya ya tokare, daga allon da ke ƙasa har zuwa gindin kanta, don kada ka mayar da nauyin kan wani allon da shi ma ba shi da mai tallafa masa.

In ba ka son abin da zai raba maka wuri, ɗaura masa ƙashin baya. Samu siririn katako na gaske mai kaurin santimita 2 da faɗin 4, ka kafa shi a tsaye ta gefensa a ƙarƙashin allon, da gam da sukuru. A lissafi, wannan ɗan katakon shi kaɗai ya fi allon misalinmu gaba ɗaya taurin kai kusan sau uku. Ƙarfen alminiyam mai kusurwa ma yana yi.

In ya kumbura, a canza shi. Kai ma'auninsa shagon kayan gini a yanka maka filawud mai milimita 18. Ya fi allon ɓarɓashi tauri wajen sau uku, sakinsa na sannu-sannu kuma kaɗan ne.

In rami ne ya faɗaɗa, cika shi da gam ɗin katako da tsinken sakace ko ɗan turke, ka bari ya kwana, ka sake hudawa. Ka ɗaure da hannu. Injin ɗaure sukuru in ba ka rage masa ƙarfi ba, cikin daƙiƙa ɗaya zai cinye ramin.

In karkacewa ce, kwantar da kantar, ka daidaita gicciyen nan biyu, sannan ka mayar da allon baya da ƙusoshi a sababbin wurare. In hanyar waya kake so, huda rami zagayayye, kada ka cire allon. Ƙafar da ta rataye kuma a sa mata 'yar tsinkar katako.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: ɗaure ta a bango. Doguwar kanta mai sakakkun mahaɗai tana iya rikitowa kan yaro. Maganar ta kai har Amurka ta yi doka mai suna STURDY, wadda ta fara aiki a Satumbar 2023 kan durowar ajiye tufafi. Kantar littattafai ba ta cikin dokar, amma haɗarin iri ɗaya ne. Tsofaffin gine-ginen nan bangonsu filasta ce a kan siraran katakai, sai ka nemo ginshiƙin da ke ciki, galibi ratar inci 16 ke tsakaninsu. Ka sanar da mai gida kafin ka huda, saboda kuɗin ajiyarka. A ginin da ya girmi 1960 kuma ka goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, don tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, ita kuwa guba ce ga yara.

Kafin ka tashi

Rigakafi ya fi magani. Ɗauki hoton kantar ta kowane ɓangare. Manna wa kowane allo lamba. Zuba ƙananan ƙarafan a leda ɗaya ka liƙa a jikin allo. Ƙaramar kanta a cire mata allunan da ke ɗaguwa a ɗauke ta a haɗe, mutum biyu, ban da ja a ƙasa. Babba a kwance ta. Alluna a jera su a kwance a kan juna, a rufe su daga ruwa. In an isa, a bar su a kwance a ɗakin da za su zauna kwana biyu ko uku kafin a haɗa. A nisanta kantar daga ƙarfen ɗumi, a bar 'yar rata tsakaninta da bangon waje. Kaya masu nauyi ƙasa, kuma kusa da gefe. Faifan ajiya mai juyawa, wanda yake zagaye 5400 ko 7200 a minti, faɗuwa ɗaya ta ishe shi, don haka shi ma ƙasa, kuma a ajiye kwafin aikin a wani wuri.

Ga 'yan uwa na gida

Na san mafi yawanku ba a Brooklyn kuke karanta wannan ba. Amma in kun lura, abin da ƙarfen ɗumi da watan Agusta suke yi mana a nan, shi hunturu da damina suke yi a Kano, Katsina, Sakkwato da Maraɗi. Iska ta bushe ƙayau a Janairu, ta jiƙe sharkaf a Agusta. Kayan ɗakin da ake yi wa amare yanzu, da teburan kwamfuta, da kantocin shagunan waya, da yawansu MDF ne ko allon ɓarɓashi. A loda su a a-kori-kura, a bi da su ta ramuka, a sauke a ɗakin da ake goge daɓensa da ruwa kullum, wata shida gindin ya kumbura.

Don haka in za ka ba kafinta aiki, ko za ka shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ko kasuwar Katako ta Yamai, tambayi abu uku: wane irin allo ne, milimita nawa ne kaurinsa, santimita nawa ne tsakanin tokara da tokara. In allon ɓarɓashi ne ko MDF kuma kaya masu nauyi za ka ɗora, ni shawarata kada ratar ta wuce santimita 60. A rufe duk bakin allo, har wanda ba a gani. A sa wa kanta ƙafar roba ko ta ƙarfe ta ɗaga daga ƙasa. Batirin inbata kuwa, irin mai 200Ah ɗin nan da ya haura kilo 50, ba shi da wurin zama a kan irin wannan allo ko kaɗan, a yi masa mazaunin ƙarfe a ƙasa. Araha ba ta ado, amma in ka san iyakarta za ta yi maka aiki shekara da shekaru.

Aikin gida: kowa ya samu zare da rula ya auna allon da ya fi ɗaukar kaya a ɗakinsa. Ku rubuto mana a ƙasa tsawonsa, kaurinsa, abin da ke kansa, da milimita nawa ya sauka, ku faɗi garin da kuke. In amsoshin sun taru za mu jera su a bidiyo mu ga yadda lissafin ya yi da gaskiyar ɗakunanku.